FILIN MATA: Ceto Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

   

Wasiƙu biyu ne suka sa na ɗauko zancen yau. Ta fari daga wata 'yar'uwa Musulma ta fito, daga wajen Zango. Ta ce tana da maƙwabciya Kirista, suna zaman lafiya, suna aron turmi da taɓarya, amma kullum tana jin ta da waƙar ceto, ko tana daka ko tana wanki, shi ne take so a gaya mata, wai daga mene ne ake ceton nan? Ta biyu kuwa Kirista ce ta rubuto, kuma tata ta fi ban tausayi. Ɗanta ɗan shekara uku ya yi ta suma yana taune-taune, sai aka kai ta wurin wani mai kiran kansa mai addu'a. Ya ce uwar mijinta ce ta kama kurwar yaron, in ana so ya kuɓutar da shi sai an kawo kuɗi masu yawa, an kuma sayi wani mai na cikin kwalba. Tana tambaya, ta sayar da akuyarta ta kai, ko kuwa?

Da na duba, sai na ga amsar ɗaya ita ce amsar ɗayar. Ni Kirista ce, mu kuwa ba mu da yawa a ƙasar Daura, saboda haka zan faɗi abin da muka gaskata a fili, ba don gardama da kowa ba. Sanin abin da maƙwabcinka ya riƙe yana ƙara daɗin zama.

Bari in fara da ɗan tarihi, don waɗansu suna tsammani wannan magana jiya jiya ta shigo bakin Bahaushe. A ƙarshen 1893 waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin su iso ƙasashenmu na Sudan. Ba a daɗe ba biyu suka mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku, Bingham kaɗai ya koma gida. Daga wannan ƙaramin iri ne mishan ɗin SIM ta tsiro, wadda ta kafa zama a Damagaram cikin 1924, ta buɗe asibitin Galmi cikin 1950, daga cikinta kuma ikkilisiyar ECWA ta fito cikin 1954. Ta wajen Zazzau kuwa akwai Likita Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna birnin Zariya tun 1905, kafin a mai da mishan ɗin Wusasa cikin 1929. Shi da abokan aikinsa suka yi wahalar juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi dukansa cikin 1932. Ashe kun ga, an haura shekara 90 mata suna karanta zancen ceto da harshen da suka sha a nono.

Da yawa daga cikin Hausawan da suka karɓi wannan hanya a ƙasar Kano da kudancin Katsina, kamar wajen Malumfashi da Kafur, 'ya'yan Maguzawa ne. In kin zauna da tsofaffinsu za su gaya miki irin zaman da aka yi dā. Yaro ya yi zazzaɓi, a yanka jan zakara. Mace ta yi ɓari, a nemo baƙin bunsuru. A yi girka, a biya masu garaya, a biya mai gida da 'yan kallo, in an jima iskar ta sake neman wani abu. Abin da ya ja hankalin da yawansu shi ne labarin Allah wanda ya fi iskoki ƙarfi, wanda kuma ba ya neman zakaran kowa.

To, daga mene ne ake ceton? Kirista sun ce maƙiyan ɗan Adam biyu ne, ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Na cikin shi ne zunubi. Na wajen shi ne Shaiɗan da rundunarsa, wanda Littafi yake kira Mugun.

Ku lura da wanda na fara ambata. Mu mata, in aka ce mugunta, nan da nan hankalinmu ya tafi kan kishiya, ko uwar miji, ko tsohuwar nan ta ƙarshen layi. Amma a cikin Markus sura 7, Yesu Almasihu ya koya wa almajiransa cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciyarsa yake fitowa, ya kuwa lissafa su, har da hassada da yanke da girman kai da zamba. Haka kuma addu'ar da ya koya musu a Matiyu sura 6, wadda kowane ɗan Kirista ya haddace tun yana ƙarami. Da an roƙi abincin yini sai a roƙi gafara, tare da alkawarin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sa'an nan daga ƙarshe a roƙi tsari daga Mugun. Watau sai an share ɗaki kafin a rufe ƙofa. Macen da ta kwana da ƙullin kishiyarta a zuci, ta tashi tana roƙon a raba ta da maƙiya, ta yi tuya ta manta da albasa.

Yadda Kirista suka ɗauki zunubi, ba ɗan kuskure ba ne da mutum zai kakkaɓe kamar ƙura. Sun ce sarƙa ne. Duk wadda ta taɓa rantsuwa ta bar gulma, kafin la'asar ta tarad da bakinta ya riga ta, ta san abin da nake nufi. Mu 'yan ƙasar Daura muna da misali a gida. Kowa ya san labarin rijiyar Kusugu, yadda ruwa ke nan cike, amma macijiya ta tsare, ba a ɗiba sai ranar Juma'a, gari duka yana fama da ƙishi har baƙo ya zo ya kashe ta. Mutanen gari ba su rasa guga ba, ba su kuma rasa igiya ba, ƙarfin kau da abin da ya tsare rijiyar ne ba su da shi. Abin da Kirista suka gaskata ke nan game da zuciyar mutum. Sun ce Allah, don ƙaunarsa, shi ya aiko Mai Ceto, wato Yesu Almasihu, wanda ya mutu a kan gicciye domin zunuban mutane, ya tashi a rana ta uku, duk wanda ya tuba ya dogara gare shi kuwa an yafe masa, an kuma ba shi ikon soma sabon zama. A nan ne muka bambanta da 'yan'uwanmu Musulmi, kowa kuwa ya san nasa. Amma a kan cewa tsari na Allah ne shi kaɗai, bakinmu ɗaya. Uwa Musulma tana tofa wa ɗanta Falaƙi da Nasi in zai kwanta, uwa Kirista tana durƙusawa bakin gadon nata, dukansu biyu ba boka suke kira ba.

Game da maƙiyin waje kuwa, Littafi bai ce babu aljannu ba. Cewa ya yi suna ƙarƙashin ikon Allah, ba su da ta cewa in ya yi magana. Akwai labarin mutumin da ke zaune a makabarta, wanda ko sarƙa ba ta riƙe shi, aka same shi zaune da tufafinsa cikin hankalinsa. Akwai Maryamu Magadaliya, wadda aka fitar wa aljannu bakwai, ita ce kuma aka fara aika da labarin tashin Almasihu. Ku duba, macen da gari ya san ta da iskoki, ita aka mai da 'yar aike. Wannan shi ya sa za ki ji matan Zumunta suna buga tulu suna waƙa da ƙarfi haka. Murnar wanda aka sauke wa kaya ce.

Yanzu sai mu juyo ga 'yar'uwarmu mai akuya. In mutum ya ce da sunan Allah zai kuɓutar da ke, akwai ma'auni uku da za ki auna shi da su, dukansu kuwa daga cikin Littafin da yake riƙe da shi suke.

Na fari, ceto ba shi da farashi. A Ayyukan Manzanni sura 8 akwai wani Saminu mai sihiri a Samariya, wanda ya ga abin da Allah ke yi ta hannun manzanni, ya fito da kuɗi yana so ya saya. Bitrus ya tsawata masa ƙwarai, don ya zaci baiwar Allah abin ciniki ce. A sura 19 kuma, mutanen Afisa da suka ba da gaskiya suka tattaro littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, da aka yi lissafin kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Su dā can suke saye, da suka sami na gaskiya sai suka huta da saye. To, yaya za a yi mace ta bar layar boka ta naira dubu biyu, ta koma sayen kwalbar mai ta naira dubu ashirin, ta ce ta ci gaba? An gudu ba a tsira ba. Mu nan Baure bakin iyaka muke, masu haja iri iri suna ratsa mu, daga Magarya da Damagaram, daga Kano da Kudu, sun kuwa san lokacin da kuɗin gyaɗa da riɗi ke hannun mata. Wani ya zo da ƙaho da guru, wani ya zo da Littafi a hammata da lasifika. Kada tufafi su ruɗe ku. In ya fara da tambayar abin da kika kawo, ɗan kasuwa ne. Baiko da kike sakawa a majami'a don aikin Allah da taimakon gwauraye daban ne, wannan da yardar ranki kike yi, ba wanda ya ce in ba ki ba da ba ɗanki zai mutu.

Na biyu, ceto na gaskiya ba ya nuna tsohuwa da yatsa. Ku bincika Linjila daga farko har ƙarshe, ba za ku sami wurin da Almasihu ya warkad da wani sa'an nan ya ce wance ce ta kama shi ba. A Yohanna sura 9 ma, da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya laifin wane ne, nasa ko na iyayensa, ya ce ba na ko ɗaya ba ne. Amma mu fa? Yaro ya kwanta, kafin a nemo ma'aunin zafi an riga an nemo mayya. Wa ake kamawa? Ba a taɓa kama matar mai kuɗi ko uwar hakimi. Kullum sai gwauruwa, ko wadda ba ta haihu ba, ko wadda tsufa ya sa tana magana ita kaɗai. A ja ta tsakar gida, a tilasta ta ta tsallake mara lafiya, wani lokaci har a tuɓe ta, a yi mata duka. Daga ran nan ba mai sayen ƙosanta, ba mai auren jikarta. Haba, jama'a! Wadda ta goya mijinki, ta ba shi nono, ta raine shi har ya isa ya aure ki, yau ita ce za ta cinye jikanta?

Kada Kirista su ce wannan halin waɗansu ne. A Jihar Akwa Ibom, inda kusan kowa Kirista ne, waɗansu masu kiran kansu fastoci sun yi ta laƙa wa ƙananan yara maita suna karɓar kuɗin fitarwa, aka kori yara da yawa daga gidajen iyayensu, waɗansu aka raunata su, har gwamnatin jihar ta kafa doka a kan haka cikin 2008. Nan Arewa ma, dokar Final Kot da aka fara aiki da ita cikin 1960 ta lissafa jifan mutum da maita cikin laifuffukan da ake hukunci a kansu. Wanda ya zo gidanki ya bar ki da gaba tsakaninki da surukarki, ya ƙara miki zunubi ne, bai rage miki ba. Mai aikin raba mutane kuwa, mun san ko wane ne.

Na uku, ceto ba ya faɗa da asibiti. Luka wanda ya rubuta ɗaya daga cikin Linjila huɗu likita ne. Basamariyen nan na cikin misali, da ya tarad da wanda 'yan fashi suka sara, wanke raunukan ya yi, ya ɗaure, ya kai shi masauƙi ya biya kuɗin jinya. Su kansu waɗanda suka kawo wa'azin nan ƙasarmu, da kwalbar magani suka zo a hannu ɗaya.

Ku ɗauki kuturta. Kakanninmu sun ɗauke ta la'ana ce ko sammu, alhali kuwa tun 1873 wani likita a ƙasar Norway, mai suna Hansen, ya ga ƙwayar da ke kawo ta. Cikin shekarun 1930 aka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina. Ana addu'a da safe, ana wanke gyambo da hantsi. Yau kuturta tana warkewa sarai da haɗin ƙwayoyin da ake sha wata 6 ko wata 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su a duniya duka. Wannan Babbar Ruga ɗin dai, tun shekarun 1980 ta zama wurin ɗinkin mata masu yoyon fitsari, inda Likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya yi aiki shekara da shekaru. Mata nawa aka ce iska ce ta taɓa su, miji ya sake su, dangi suka ware musu ƙwarya, alhali doguwar naƙuda ce ta huda mafitsara? Da aka ɗinke, sai ga su sun koma gida a bushe. In na tuna da su sai in tuna da macen nan ta Markus sura 5, wadda ta shekara 12 tana zub da jini, ta kashe duk abin da ta mallaka ba sauƙi, kowa yana ƙyamarta, Almasihu kuwa ya kira ta 'yarsa a gaban taro. Ashe mai da wa mace mutuncinta yana cikin ceto.

Saboda haka, ke mai akuya, ga shawarata. Suma da taune-taune ga yaro ɗan shekara uku, yawanci zafin zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, musamman da damina da farkon kaka. In da bazara ne, wuya kuma ya sanƙare, a yi tsoron sanƙarau, wadda ta yi mana ɓarna mai yawa a Arewa cikin 1996. In kuwa yana yi yana sakewa ba tare da zazzaɓi ba, wataƙila farfaɗiya ce, ita ma tana da ƙwayoyin da ke kwantad da ita, ba a kuma ɗaukarta ta wurin yawu ko taɓawa. In abin ya taso, ki kwantad da shi ta gefe, ki sassauta masa riga, ki shafe jikinsa da ruwa mai ɗan ɗumi. Kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa jiƙo ko manja, kada a kanga ƙafarsa a wuta, kada a turara shi da hayaƙi. Ki saɓa shi sai asibiti, kina tafe kina addu'a. In dole sai akuyar ta tafi, to, ta tafi a kuɗin mota da magani. Uwar mijinki kuwa, ki ɗebi tuwo da hannunki ki kai mata, ki durƙusa ki ce, Inna, a sa jikanki a addu'a. In maganar mai kwalba ta riga ta kai kunnenta, ki nemi gafararta tun rana ba ta faɗi ba.

Wata za ta ce, to, in na yi addu'a, na kai asibiti, abin kuma bai yi ba fa? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba na kuwa so in yi muku daɗin baki. Bangaskiyar Kirista ba ta yi wa kowa alkawarin ba zai yi kuka ba. Bulus manzo da kansa ya roƙi a cire masa wata wahala har sau uku, ba a cire ba, aka ba shi ƙarfin ɗauka. Waɗancan samari biyu da suka mutu a Bida da Girku masu addu'a ne. Abin da aka alkawarta shi ne, ba ciwo, ba maye, ba mutuwa da za ta fizge mutum daga hannun Allah. Wadda ta riƙe wannan tana iya binne ɗanta da hawaye, amma ba za ta tashi daga makoki ta tafi neman wanda za ta rama a kansa ba. Ni a ganina wannan ma kuɓuta ce babba, don gidaje da yawa ba mutuwar ce ta rushe su ba, zargin da ya biyo bayanta ne.

Mu ne iyayen gida, abin da muka ji tsoro shi 'ya'yanmu za su ji tsoro. A aji nakan ga yaro ya ƙi zama kusa da ɗan'uwansa, in ka tambaya ya ce a gida aka ce kakarsu mayya ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku koya musu kwana cikin gidan sauro, ku karɓi maganin zazzaɓin da ake rabawa yara wata wata da damina, ku kai su rigakafi, ku koya musu gai da tsofaffi, ku kuma koya musu addu'a kowa bisa addininsa. Yaron da ya tashi ya san Allah ya fi kome ƙarfi, da wuya mai kwalba ya ci kuɗinsa in ya girma.

Ke kuma 'yar'uwata ta Zango, ina fata yanzu in kin ji maƙwabciyarki tana waƙarta a bakin turmi kin san abin da take nufi. 

Mai wata tambaya ta rubuto, ƙofa a buɗe take. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen ajiyar wake, yadda za a tsare shi daga ƙwari ba tare da an zuba masa guba ba.